Irin Tattasan Kawuna

Shekara biyu da wata huɗu na yi ina wanke kawuna ana biyana. Ba na ɓoye wannan. Akwai masu cewa abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi a kan yayan uwarsa. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a bukkar zana a bakin kwalta da ƴaƴa uku ba.

Garinmu yana bakin kogin Komadugu, gabas da Diffa. Tattasai muke nomawa tun kakanni. Da masu bindiga suka shigo, na rasa ƙanne biyu a wuni ɗaya. Na binne ɗaya, ɗayan ban same shi ba. Muka taso da abin da kai zai iya ɗauka. Wannan ke nan, ba shi na zauna faɗa ba.

A Diffa na yi dako a kasuwa, na buga bulo, na tura kurar ruwa. Kawu ya fi mu sa'a. Babban ɗansa yana aikin biro, wato ofis, a Yamai, shi ya kama masa gida mai ɗaki biyu da katanga da pampo. Matar Kawu ta rasu a gidan. Bayan wata shida, wata safiya ya tashi zai yi alwala ya faɗi. Ɓarinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Baki ya karkace, amma magana na fita, hankali kuma garau.

Ɗan nasa ya zo daga Yamai. Taubashina ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji. Tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma ina ce masa mai ƙaton kai. Ya same ni a kasuwa da buhu a ka.

"Bawana, sauke kayan nan, na samo maka aikin da ya dace da kai."

"In sharar gidanku ce, ka biya ta bara tukuna."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ja ni inuwa ya ce Baba ya ƙi zuwa Yamai. Ya ce ƙannensa mata ne, kowace tana gidan mijinta, baƙo kuma tsohon ba zai yarda ya ga tsiraicinsa ba. In koma gidan da iyalina, ɗaki ɗaya namu, duk wata ya aiko mini. Sharaɗi biyu ya kafa. Kada in bar tsohon shi kaɗai. Kada in fita da shi ko'ina sai likita.

Na ce na ji. Daga ranar bai sake ce mini bawansa ba. Ya koma kirana ɗan'uwa, da ladabi, kamar wanda muka haɗu a mota. Ni ma na bar kansa ya huta.

Aikin ba wuya gare shi ba, yawa gare shi. Da asuba in tallafo shi in sa masa fo. In ɗora ruwa, in ciccibe shi zuwa bayan ɗaki, in zaunar da shi a kan turmi da aka kifa, in wanke shi tun daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa. In shafe bayansa da man kaɗanya don kada kwanciya ta ci shi. In yi masa alwala, in juya shi gabas. Kunu da ludayi, a hankali, don rabi ta gefen baki yake dawowa. Bayan haka in fito da shi tabarma, in rana ta taɓa ƙafarsa in ja tabarmar, in ta sake taɓawa in sake ja. Wunin ke nan.

Kafin hantsi na gama, sauran wunin kuma ban san inda zan sa kaina ba. Jikina bai san zama ba. Daga bakin zaure zuwa pampo taki goma sha ɗaya ne, na taka shi har ƙasar wurin ta lotsa. Nakan share tsakar gida sau uku. Na cire ƙyauren da bai lalace ba na sake kafawa. In hadari ya haɗu a gabas, sai in tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ban san lokacin da na tashi ba. Ƴan majalisar da ke ƙarƙashin dogon yaro suna ganina sai su fara tsokana, suna kirana Mushe kamar wani ma'aikacin gwamnati.

"Mushe ya fito! An yi albashi ne?"

"Wai wane biro ne naka, na fo ko na buta?"

Nakan ce, "Ka kawo tsohonka, akwai sauran wuri." Sai in koma ciki.

Kawu ya san ana biyana. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe ludayin da hannunsa mai lafiya.

"Kai, ɗan nan, nawa suke ba ka a kaina?"

"Buhun gero da kuɗin cefane."

"Ashe na yi araha. Jaki ma ya fi haka."

"Jaki da ƙafarsa yake tafiya, Kawu."

Ya yi dariya har kunu ya fito masa ta hanci. Ranar sau biyu na sauya masa riga.

Akwai abin da ba ya yarda in taɓa. A cikin rigar matashinsa akwai gwangwanin madara ɗaure da tsumma. Irin tattasai ne. Ranar gudu wasu tabarma suka ɗauka, wasu akuya, shi gwangwanin nan ya ɗauka. Irin ubansa ne, mai kaurin fata, wanda in ya bushe ba ya koɗewa. Fatake daga Najeriya da hannu suke gane buhunmu, ba sai sun kwance ba. Na kasuwa gauraye ne, ka dasa kadada guda ka tsinci kala biyar. Amma irin tattasai ba ya daɗewa a ajiye. In ya wuce shekara uku ya fara mutuwa a cikin gwangwani, ba tare da ka gani ba. Sau ɗaya wani abokinsa ya dasa masa ya mayar masa da sabo, daga baya mutumin ya koma Fulatari wajen dangin matarsa, ya bar noman kogi. Wannan ita ce shekara ta uku.

Da damina ta kusa, Kawu ya sa na kwance gwangwanin. Ya ƙirga ƙwaya goma a tafin hannuna, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na sa ƙarƙashin randa. Haka muka yi bara, bakwai suka tsaga. Bana da na buɗe, huɗu.

Ya daɗe yana kallon tsumman. Ya ce, "Baɗi ko ɗaya babu."

Na kira taubashina a salula na gaya masa.

"Tattasai? Ɗan'uwa, in don miya ce ka saya a kasuwa, zan ƙara maka."

"Ba miya ba ce. Iri ne."

"Irin ma ana sayarwa."

"Ba wannan ba."

"Ka dai tuna abin da muka yi da kai," in ji shi. Ya tambayi maganin hawan jini, ya kashe.

Bai hana ni shuka a tsakar gida ba, don bai zo masa a rai ba. Na yanke jarkoki huɗu na huda gindinsu. Ba su isa ba, na ɗauki daro biyu na matata na huda. Na haɗa rairayi da kashin awakin maƙwabta. Ta dawo daga niƙa ta tarar.

"Malam, daron aurena ka huda?"

"Zan saya miki wani."

"Da wane kuɗin? Na mutumin da zai kore mu?"

Daga nan kwana uku tuwona yana zuwa ba man shanu.

Kawu ya sa na ja tabarmarsa kusa da jarkokin, ya karɓi sanda. Daga nan na zama ɗan ƙwadago.

"Ba gawa kake binnewa ba, barbaɗa ƙasar kawai."

"Ruwan ya yi yawa, shinkafa ka shuka?"

"Rufe da ciyawa. Ba wannan ba, busasshiya. Wai a gidan wa ka girma?"

"A gidanka, Kawu."

"To na yi asara."

A kwana na tara suka fara fitowa. Yawanci sun mutu a ƙasa, amma gwangwanin cike yake, abin da ya fito ya haura ɗari biyu. Tsohon da nake lallashi ya sha ludayi biyar ya koma neman ƙari. Kafin in gama wanke shi yana cewa in yi sauri rana za ta dake su. Ni kuma abin ya ƙara mini rashin zama. Da can ba ni da abin jira, yanzu ina da shi, kuma yana girma kullum a cikin daro.

Ana haka ruwan kogi ya iso. Komadugu ba ya kwana da ruwa duk shekara, yakan ƙafe da bazara ya dawo da damina. A garinmu ranar isowarsa ba mai zama gida. A nan, a bakin ƴan majalisa na ji. Mutane suna ta tafiya bakin gada kallo, ni ina wankin zanen gado.

Iri yana son dashe a kwana arba'in, in ya kai tsawon tafin hannu. Muka kai arba'in. Muka kai arba'in da biyar. Ganyen ƙasa ya fara rawaya, tsirrai suna ta miƙewa sirara suna rige-rigen rana. Wasu suka fara ƙullin fure. Kawu ya sa na ɗora masa jarka a cinya, yana tsinke ƙullin ɗaya bayan ɗaya da farce.

"In suka yi fure a daro, sun gama," in ji shi.

Garinmu ba ya shiguwa har lokacin. Sai ga wani mai garka, wato lambu, daga wajen Gagamari ya zo gaishe da Kawu ran Juma'a. Da can wajen Kawu yake sayen iri. Ya tsuguna gaban jarkokin ya murza ganye ya sunsuna.

"Baba, wannan naka ne? Na gidan?"

"Na wa zai zama?"

Nan take ya ce yana da gefen garka da bai taɓa ba bana. In kawo in dasa, in sha ruwan injinsa, in taya shi aiki, in an samu iri a ba shi rabonsa. Ya tafi ya bar mu da maganar.

Dashe ba aikin sa'a guda ba ne, bayan dashe kuma ga ban ruwa. In na tafi, wa zai zauna da Kawu? Matata ba ta iya ɗaga shi. Ko tana iyawa ba za ta yi ba.

"Surukina ne," in ji ta. "Ko idonsa ba na kalla, balle in sa masa fo."

Kawu yana jinmu daga tabarma. Ya ce, "To ka ɗauke ni mu tafi."

"An ce kada in fita da kai sai likita."

"Wa ya ce?"

"Ɗanka."

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

Matata ta bi ni har bakin pampo ta rage murya. "In ya mutu a hanya, kai za a ce. Ba wanda zai tuna wanka nawa ka yi masa." Gaskiya ta faɗa. Na kwana biyu ina zagaya tsakar gida da maganarta. A na uku na fita na yi jinga da mai adaidaita, tunda an hana babur.

Muka shimfiɗa katifa a kujerar baya, na jingina Kawu na ɗaure shi da rawani kada ya zame. Jarkoki da daro a ƙarƙashin ƙafafunmu. A shingen soja aka tsayar da mu. Wani soja ya leƙo, ya dubi tsoho ɗaure, ya dubi daro.

"Ina za ka kai baba?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Gidan amarya. Ga lefen nan."

Sojan ya yi dariya, amma sai da ya soka tsinke a cikin kowace jarka har ƙasa kafin ya ɗaga igiya.

Da muka isa na goya Kawu a baya na gangara da shi. Kogin ya cika rabi, ruwan ja, yana tafe da kumfa da karare. Na zaunar da shi a gindin tsamiya. Na ɗebo ruwan a buta na zuba masa a ƙafa, har wadda ba ta ji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in daina ɓata lokaci.

Mai garka ya nuna mana wuri biyu. Ɗaya a sama kusa da bukkarsa, ƙasa mai rairayi, tiyo da ƙyar yake kaiwa. Ɗaya a gangare, baƙar ƙasa mai maiƙo, wadda in ka dunƙula ba ta wargajewa. Ya ce shi dai da na sama za mu ɗauka.

"Baba, ruwan shekarun nan ba wanda kuka sani ba ne. Kowace shekara ƙaruwa yake."

Kawu ya ɗaga sanda ya nuna wani suri a ƙasan gangaren, ya kai ƙirjin mutum.

"Surin can, ruwa ya taɓa taɓa shi?"

"Bara saura taki biyar."

"Amma bai taɓa ba."

"Bai taɓa ba."

"Gara ta fi ni da kai sanin ruwa. Ba ta gini a inda zai zo. Da suri ubana yake auna gona, da shi na auna tawa shekara hamsin. Ku dasa daga saman surin zuwa nan."

Mai garka ya dube ni. Ni na ga baƙar ƙasa, na ga tiyo kusa, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin Kawu ya faɗi abu a kan kogi ya tashi ba haka ba. Na ɗauki fartanya na gangara.

Sai rana ta yi sanyi ake dashe, hanya kuma ana rufe ta da magariba. Don haka yamma uku muka yi muna zuwa. Na ja kunya, na dasa, mai garka yana bi da ruwa, Kawu yana ihu daga gindin tsamiya cewa na matse su kamar ƴan gudun hijira a mota. A yamma ta uku aka rage wasu ƴan sirara a gindin daro, kamar talatin, wasu ma sun karye.

"Zubar da su," in ji Kawu. "Raguwa ce."

Na ɗauki daron na zagaya bayan bukka. Ban zubar ba. Ba tausayi ba ne, na gaji da zubar da abu ne kawai. Na caccaka su a can sama inda masu garka ke alwala da wanke kwano, na rufe da ƙafa. Kawu bai gani ba.

Daga nan duk kwana uku muna hanya. Kuɗin cefane ya koma kuɗin adaidaita. Kawu ya yi baƙi, ya koma cin tuwo, har hannun da ya shanye yakan ce yana jin iska a kansa. Tattasai ya kama, ya yi duhu, ya fara reshe. In taubashina ya kira muna garka, sai in shiga bukka in rufe salula da hannu kada ya ji ƙarar inji.

"Yaya Baba?"

"Yana nan. Ya ci abinci."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

A mako na shida zazzaɓi ya kama shi. Bakin kogi sauro ne tun la'asar, na sani, ina rufe shi da zane amma yakan yaye don ya ga aiki. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ya daina gane ni. Na kai shi likita, aka sa masa ƙarin ruwa. Na kira Yamai da kaina. Ashe wani ya riga ni, ya ga tsoho ɗaure a adaidaita a hanyar Gagamari ya kai labari.

Kwana biyu taubashina ya iso. Ya fara zuwa likita, sannan ya same ni a gida ina wankin kayan tsohon. Ya tsaya ya dubi jarkokin da babu komai a ciki.

"Sau nawa ka fita da shi?"

"Ban ƙirga ba."

"Bakin kogi! Inda ake ɗauke mutane da rana tsaka!"

"Wajen Gagamari ne. Akwai soja."

"Abu biyu na ce maka. Biyu kacal."

"Ɗaya na karya. Ban taɓa barinsa shi kaɗai ba."

"Kana ma da bakin magana? Don me nake biyanka?"

"Don in wanke shi. Na wanke shi. Je ka duba bayansa, in ka ga gyambo ko ɗaya ka yanke hannuna."

"Da ya mutu fa?"

Na dube shi na ga idonsa ya kawo ruwa. Kwana biyu ya yi a mota bai san ko zai tarar da ubansa da rai ba. Na ci gaba da wankina.

Da aka sallamo Kawu ya dawo hankalinsa, sai dai murya ta ragu. Ya kira ɗansa ya ce, "Ni na sa shi."

"Baba, kai ba ka da laifi, ka huta."

"Na ce ni na sa shi."

"To, Baba, na ji. Sha maganinka."

Kawu ya juya fuska bango. Ban taɓa ganin an yi masa magana kamar yaro ba sai ranar.

Wannan karon ba a tambaye shi ko yana son Yamai ba. An samo mota, an gyara masa kujerar baya. Ni na wanke shi da safen, ni na ɗauko shi. Ina kwantar da shi ya kama wuyan rigata ya jawo ni.

"Kada ka ɗauki iri a tsinkar fari, ruɗi ne. Ta biyu. Ka zaɓi itacen da ganyensa bai murɗe ba, ɗan da ya yi nauyi. A inuwa za ka shanya, ba a rana ba. Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"Maimaita."

Na maimaita. Ya sake ni. Taubashina ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce gidan an biya har ƙarshen wata.

Ƙarshen wata matata da yara suka koma bukkar zana wajen ƴar'uwarta. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ɗauki daronta masu huji ta tafi da su. Ni na koma garka gaba ɗaya, ina yi wa mai garka aiki yana ba ni abinci da ɗan abin da zan kai gida.

Damina ta wuce, kogi bai daina hawa ba. Haka yake yi, ruwan daga nesa yake zuwa, sai sama ta ɗauke yake cika. Na kafa kara a bakin ruwa, kullum da safe in tarar ya nutse in kafa wani. Tattasan ya yi fure ya zubar, ƴaƴa sun kai babban yatsa. Ruwa ya zo inda ya tsaya bara. Bai tsaya ba. Taki huɗu, taki biyu. Muka tara buhuna muna cikawa da ƙasa, mu da maƙwabtan garka, kowa yana tare nasa. Kwana uku ina jera buhu. Rana ta huɗu da hantsi ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashinsu, ba ta sama ba. Ina tsaye na ga ya zagaye surin. Kafin azahar surin ya jiƙe ya zauna, gara tana yawo a kan ruwa dunƙule-dunƙule.

Na shiga har gwiwa, daga baya har ƙugu, ina lalube ina tumɓuko abin da hannuna ya kama. Mai garka yana kirana daga sama.

"Fito, malam! Ɗanye ne, ba iri a ciki! Fito kada maciji ya same ka!"

Na fito da ganye cike da hannu, na zubar. Shi ma rabin garkarsa ta tafi. Bai ce mini komai a kan suri ba, har yau.

Na bayan bukka su ruwa bai kai ba. Na ƙirga, ashirin da uku ne suka rayu. Gajeru, ba kyan gani. Na sare ƙaya na kewaye su saboda awaki. An janye inji, don haka da bokiti nake hawa da ruwa, safe da yamma. Da sanyi ya shigo suka nuna. Tsinkar fari na kai wa matata ta yi miya. Ta biyu na zaɓa kamar yadda aka ce, na shanya a cikin bukka, na fasa da hannu. Iri ya cika gwangwani biyu.

Sai lokacin na kira Yamai. Taubashina ya ɗauka, muka gaisa gajere, ya kai wa tsohon.

"Kawu, ruwa ya wuce surin."

Ina jin numfashinsa.

"Ya wuce?"

"Ya cinye shi."

"Duka dashen?"

"Duk abin da ke gangare."

Na ce, "Raguwar nan da ka ce in zubar, na dasa su a sama. Na samu iri."

"Ba ka zubar ba?"

"A'a."

"Dama ba ka jin magana. Uwarka ma haka take." Ya yi tari. "Yaya launinsa?"

"Ja har ya yi duhu. Fatar da kauri."

"To shi ne."

Na tambaye shi wa ke yi masa wanka. Ya ce wani mutum ne aka ɗauka, yana zuwa da safar hannu, yana da ladabi ƙwarai. Ya ce ɗakin akwai fanka, taga kuma bango take kallo. Daga nan maganarsa ta fara harɗewa, aka karɓe salular.

Irin na raba shi uku. Mai garka ya ɗauki rabonsa. Kashi ɗaya na ba wani ɗan garinmu da ya ce zai gwada komawa. Sauran yana wurina. Abin da ba ni da shi ƙasa ce. Mai garka ya ce bana saman ma shi zai noma, tunda gangare ya zama na ruwa, kuma ban ga laifinsa ba. Na je wajen bulama biyu, masu gari ke nan, kowa ya ce tudu ya yi tsada yanzu, masu nema sun yi yawa. Saura wata biyu a zuba iri. Da safe ina dako a kasuwa, in rana ta karkata in bi bakin kogi da ƙafa ina tambaya.